Lambar Tela Ta Shiga

"Baba, saura rabin minti," in ji Mai Waya, yana nuna wa tsohon agogon da ke tafiya a kan allo.

Tsohon ya kaɗa masa hannu kamar mai korar ƙuda, ya ƙara manna wayar a kunne. "To ina gajiya? Ina iyali? Yaya mai jiki? Ƙafar tata ta saki? To madalla, madalla. Ina su ƙananan?"

"Baba, ka faɗi abin da ya kawo ka mana!" wata mata ta ɗaga murya daga cikin layi. "Mako uku kana gaisuwa, har yau ba ka iso saƙon ba."

"Ke, rabu da ni. So kike su ce yaƙi ya cinye min har da ladabi?"

Ana cikin dariya wayar ta yanke da kanta. Tsohon ya dube ta, ya dubi Mai Waya, ya ce, "Ka gani ko, daidai zan shiga maganar." Ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa, ya ba na bayansa wuri.

Haka kowace Talata take a tantin waya. Tantin yana bayan tsohuwar makarantar da aka mayar sansani, tsakanin ɗakin shan magani da tankunan ruwa. Tebur ɗaya ne a ciki, da benci biyu, da wayoyi uku ɗaure da igiya a ƙafar tebur, sai allon kwamfuta da ke riƙe da fayil ɗin kowa. Tun da aka ƙone ƙarfen sabis na yankin babu wayar da ke shiga, sai in motar ƙungiyar agaji ta zo da faifanta na kamo sabis a saman rufi ta tsaya a gefen tantin. Kowa kira ɗaya yake da shi a mako, minti uku, ba daɗi ba ragi.

Kafin a tarwatsa garinsu, Mai Waya rumfa gare shi a bakin tasha, yana sayar da sim yana yi wa mutane caji. Tare da kowa ya gudo, da rigar da ke wuyansa. Da ƙungiyar ta zo neman wanda ya san kan waya, mutane suka nuna shi. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Aikinsa ya buga lamba, ya fara tambayar wanda ya ɗauka don a tabbatar, sannan ya miƙa wa mai kira, ya kawar da kai gefe kamar ba ya ji. A wannan benci ya ga mutum ya yi dariya har da faɗuwa, ya kuma ga wanda ya ajiye wayar a hankali ya fita ya bar takalmansa.

Da safiyar ranar, tun kafin a buɗe layi, Malama ta ja shi bayan mota. Ita ce jami'ar ƙungiyar da ke kula da fayilolin waɗanda suka ɓace, mace mai tabarau da dasasshiyar murya, wadda kullum kamar ba ta yi barci ba.

"Gobe masu bincike za su tashi," ta ce. "Za su bi sansanonin ƙetaren kogi, da asibitoci, da gidajen da ake tsare mutane. Sunaye arba'in kawai aka ba su."

"A cikin ɗari shida?"

"A cikin ɗari shida. Na'urar babban ofis ce ta zaɓa, waɗanda aka fi daɗewa ba a ji ɗuriyarsu ba. Telanka, ɗan tsohuwar nan da kake buga mata lambarsa duk Talata, yana ciki, shi ne na talatin da takwas."

Mai Waya ya ɗaga hannu sama. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau tsohuwar nan za ta ci abinci."

"Ka dai san halin allon nan," in ji Malama. "Duk lambar da aka ɗauka aka wuce minti ɗaya ana magana, shi a wurinsa an sadu ke nan. Take zai rufe fayil, sunan ya fita, na ƙasa ya hau. Ni kaina ba ni da ikon mayarwa sai na rubuta takarda, takardar kuma sai ta yi wata uku tana yawo. Kuma ban san ranar da za a sake tura wasu masu binciken ba."

"Haba Malama," ya ce yana murmushi, "lambar da shekara ɗaya da rabi ko ƙara ba ta taɓa yi ba?"

Sai da rana ta ɗaga sosai Uwar Tela ta iso kan benci. Ba ta rububin layi. Takan zo ta zauna a inuwar tanki, in wani ya ce ta wuce gaba ta ce a'a, mai jiran da ya yi shekara ba ya ƙosawa da awa ɗaya. Ƙaramar mace ce, ta rame har zoben hannunta ta ɗaure shi da zare. Ranar da aka shigo garinsu, ɗanta Tela ne ya ɗora ta a bayan wata babbar mota, ya ce ta yi gaba, shi zai koma ya ɗauko matarsa da ta je awon ciki. Ganinta da shi na ƙarshe ke nan, yana gudu yana riƙe da hularsa. Daga shi har matar babu wanda ta sake jin labarinsa.

Ta zauna, ta jawo bakin mayafinta ta shimfiɗa a kan tebur. A nan lambar take, Tela ya ɗinka mata ita da koren zare tun ana zaman lafiya, saboda duk takardar da ya rubuta mata sai ta yar. Mai Waya ya daɗe da haddace lambar, ko cikin barci aka tashe shi zai kawo ta, amma kullum sai ya sunkuya ya yi kamar yana karantawa.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ka ga yadda ka rame? Mutanen nan ba sa ba ka abinci ne, sai waya?"

"Inna, ke ce za ki yi wa wani gorin rama? Yau dai albishir gare ni."

Ya faɗa mata zancen masu bincike, da sunaye arba'in, da cewa na Tela yana ciki. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai dafa tebur da hannu biyu, leɓɓanta suna motsi. Can ta ce, "Da ƙafarsu za su je? Su shiga suna kiran sunansa?"

"Da ƙafarsu, Inna. Gobe da safe."

"Allah Ya kai su lafiya. Allah Ya yi maka albarka." Ta goge ido da bayan hannu, ta tura masa bakin mayafin. "To buga min."

"Yau ma?"

"Yau ba Talata ba ce?"

Ya so ya yi mata bayanin minti ɗayan nan, sai ya ga meye amfanin ɗora wa tsohuwa abin da ba zai faru ba. Ya buga lambar, ya buɗe muryar wayar yadda ta fi so, don ta ji da kunnenta. Su biyun suka jira matar nan ta kamfani da kullum ke cewa wayar a kashe take.

Sai wayar ta yi ƙara.

Mai Waya ya ɗauka kunnensa ne. Ta sake yi. Matar da ke kan ɗaya wayar ta tsaya da maganarta ta juyo. Mutanen bakin tanti suka yi tsit, don babu wanda bai san lambar Tela ba ta shiga ba. Uwar Tela ta miƙe tsaye ba tare da ta sani ba.

"Alo?" Muryar namiji ce, matashi, ana jin ƙarar injin a bayansa.

Agogon allo ya fara tafiya.

"Salamu alaikum," in ji Mai Waya. "Daga ƙungiyar agaji ne. Don Allah da Tela nake magana?"

"Kai, wannan Tela! Malam, ni ba tela ba ne, walda nake yi. Satin da ya wuce na sayi sim ɗin nan, sabo fil a kwalinsa."

Mai Waya ya sunkuyar da kai. Ya sayar da sim shekara bakwai, ya san abin da hakan ke nufi. In layi ya daɗe ba a taɓa shi ba, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Ya dubi allo. Sakan ashirin. Ya ɗora yatsa a kan jan maɓalli, yana shirin cewa a yi haƙuri.

"Tun da na sa shi ban huta ba," mai waldan ya ci gaba. "Jiya ma wata ta kira, wai matarsa ce. Tana kuka, yaro yana kuka a bayanta, har na kasa cin abinci. Wallahi yau in na tashi aiki zan cire shi in karya. Ba zan iya ba."

"Yaro?" in ji Uwar Tela. Muryar ta fito siririya kamar ba tata ba. "Ya ce yaro?"

Sakan arba'in.

"Ɗan'uwa, lambar da ta kira ka da ita tana nan?"

"Sai na duba. Wayar tawa gilashinta a fashe yake, kuma hannuna duk baƙin mai. Ka ɗan jira ni."

Aka ji ya ajiye wani ƙarfe, aka ji yana ce wa wani ya kashe injin.

Mai Waya ya tsaya da yatsa a kan maɓalli. In ya danna yanzu, sunan Tela zai tafi ƙetaren kogi gobe, amma allon ba zai bar shi ya sake kiran lambar ba sai wata Talatar, kuma kafin nan sim ɗin yana cikin shara. In ya bari, ga mace da yaro da ransu, jiya jiyan nan aka ji muryarsu. Ya waiga neman Malama, tana can bakin mota tana fama da wani mutum a kan hoto. Ya dubi tsohuwar. Idonta yana kan wayar, hannayenta a buɗe kamar wadda za a miƙa wa jariri. Babu yadda za a yi ya fahimtar da ita duk wannan a cikin sakan goma.

Hamsin da biyar. Hamsin da shida.

Ya janye yatsansa, ya jawo biro.

Allon ya yi ɗan ƙara mai daɗi, layin sunan Tela ya koma kore. Mutanen bakin tanti sun san wannan ƙarar, ita ce ake ji in an dace. Wata ta rangaɗa guɗa, wasu suka hau kabbara, labari ya bi layi har bakin tanki cewa an samu Tela.

"Kana ji na?" in ji mai walda. "Ga ta nan. Rubuta."

Ya karanto a hankali, ya maimaita sau biyu. Mai Waya ya rubuta a takarda, ya sake rubutawa a tafin hannunsa. Saura minti ɗaya da 'yan kai, ya tura wa tsohuwar wayar.

Ta sunkuya kanta kamar mai leƙa rijiya. "Ɗana, sannu da aiki. Ni ce uwar mai lambar."

Mai waldan ya sassauta murya. "Mama, ki yi haƙuri. Ban san da ke a wurin ba, da ban yi magana haka ba."

"Babu komai, mu ne muka dame ka. Yaron nan da ka ji, kukan nasa da ƙarfi?"

"Da ƙarfi sosai, Mama. Har sai da na janye wayar daga kunne."

"To alhamdu lillahi. Mai ƙarfin kuka yana da lafiya. Namiji ne ko mace?"

"Wallahi ban tambaya ba."

"Ba laifi. Allah Ya tsare ka da wutar nan da kake aiki da ita. Ka riƙa rufe idonka."

Wayar ta yanke.

Malama ta shigo tana ture mutane. Ta dubi allon, ta dubi Mai Waya. Ya miƙa mata takardar. Ta ɗaga tabarau ta karanta, ta ce a hankali, "Wannan ai tamu ce. Teburin waya ne irin wannan, a sansanin da ke bayan duwatsu. Yau zan tura musu saƙo su duba wadda ta kira jiya. In Allah Ya so, Talata mai zuwa za su ji muryar juna." Ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji. "Ka san abin da ka yi?"

"Na sani."

"Ita fa?"

Ya girgiza kai.

"Kai za ka faɗa mata, ko ni?"

"Ni na buga, Malama."

Akwai sauran mutum fiye da sittin a layi, dole aiki ya ci gaba. Ya buga wa mai neman ƙaninsa, ya buga wa wadda mijinta ya ɗauka ya ce ta daina kiransa, ya buga lambobi goma sha wani abu da suke a kashe. Duk lokacin da ya ɗaga kai sai ya hango Uwar Tela a inuwar tanki, mata sun kewaye ta. Tun tana yi musu bayanin cewa ba Tela ba ne, matarsa ce, har ta gaji ta koma amsa barka kawai. Sau biyu ya buga lamba ba daidai ba, abin da bai taɓa yi ba.

Da la'asar aka naɗe igiyoyi, direba ya hau rufin mota yana kwance faifai. Malama ta zauna tana cike rahoton ranar. Mai Waya ya ga inda ta rubuta ɗaya a gaban gurbin iyalan da aka sada. Ta daɗe tana kallon wurin kafin ta juya shafi.

Ya sami tsohuwar ita kaɗai, tana lissafi da yatsu. Ya tsuguna a gabanta.

"Shekara ɗaya da wata biyu," ta ce. "In lissafina daidai ne, ya fara tafiya. Ubansa bai yi tafiya da wuri ba, sai da ya gama cinye ƙasar tsakar gida da rarrafe." Ta yi 'yar dariya. "Ɗan nan, ka ga mutanen da za su tafi gobe? Ka ce musu yana da tabon ƙuna a nan, a gefen hannu, dutsen guga ne ya taɓa shi. Kuma in sun same shi, kafin su ce komai, su fara gaya masa an sauka lafiya. Ka san shi da damuwa, yana can yana..."

"Inna."

Ta tsaya.

"Inna, sunan Tela ba zai tafi gobe ba."

Ya yi mata bayani yadda ya iya, kansa a ƙasa. Ya faɗi zancen minti ɗaya, da yadda allon ba ya bambance muryar ɗa da ta baƙo, da cewa ya sani tun da safe bai gaya mata ba. Ya ce yatsansa yana kan maɓallin, da ya danna da sunan yana nan, amma da ba a sami lambar ba. Ya ce Malama za ta rubuta takarda, sai dai ba zai yi mata ƙarya ba, bai san ranar da za a sake tura wasu ba.

Ta sauke yatsun da take lissafi da su. Direba ya sauko daga rufin mota. Wasu mata suka wuce da jarkoki, suka yi mata barka, ta ɗaga musu hannu.

"Wato da ka yanke wayar, da sun tafi da sunansa."

"Eh, Inna."

"Ita kuma yarinyar da abin da ta haifa, shi ke nan."

"Wataƙila da an same su wata rana. Ban sani ba."

"Ba ka tambaye ni ba."

"Ban tambaye ki ba. Ki yafe min."

Ta kalle shi, hawaye suna bin ramukan fuskarta ba ta share ba. "Da ka tambaye ni, da har yanzu muna kan bencin can. Wace uwa ce za a ce ta zaɓa ta iya buɗe baki?" Ta ja numfashi. "Ban ce ka yi daidai ba, ɗan nan. Ban kuma ce ka yi kuskure ba. Ka bar ni da shi tukuna, zuciyata ba ta gama ji ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da zama a tsugune.

"Ka ce in suna ya fita, na ƙasa yake hawa," ta ce. "Wa ya hau?"

Ya riga ya duba, tun da rana. "Wata yarinya ce, shekararta tara. A hanya ta ɓace, wurin tsallake kogi."

"Tana da kowa a nan?"

"Uwarta. Tana layin tantunan da ke bayan famfo."

"Mai ɗingishin nan? Wadda ba ta magana da kowa?"

"Ita."

"An gaya mata?"

"Ba a kai ga gaya mata ba. Malama ta ce sai da safe."

Uwar Tela ta kai hannu ta dafa kafaɗarsa, ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Ta tsaya har jirin ya sake ta.

"Da safe ya yi nisa," ta ce. "Tashi ka je yanzu, kada ta kwana ba ta sani ba. Ka tambaye ta ko yarinyar tana da wani tabo."

Ya miƙe ya nufi bayan famfo. Da ya kai kwanar ɗakin shan magani ya waiwayo. Tana nan inda ya bar ta, tana kallon motar ƙungiyar da ke fita daga ƙofar makaranta a hankali, don kada ta taka igiyoyin tanti.